Ɗan Wasan Besbol na Jami'a da Ya Sauya Makaranta, Rago Ne? Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da zarar watan Yuni ya kama a Amurka kuma kakar besbol ta jami'o'i ta doshi ƙarewa, sai sunayen ɗalibai 'yan wasa su fara cika rajistar masu neman sauya makaranta. Tare da sunayen kuma sai wata kalma ta riƙa yawo a bakin magoya baya da tsofaffin 'yan wasa, wani lokaci har da kociyoyi, kalmar da ke nufin mutumin da ya karaya ya ajiye abin da ya faro tun bai kai ƙarshensa ba. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne a ce wa mutum rago, ko mai gudun wahala. An tara tambayoyin da ke ƙasa ne domin wanda yake son fahimtar wannan gardama daga tushe, ko da bai taɓa kallon wasan ba. Ra'ayina kuwa ba a ɓoye yake ba: mafi yawan samarin da ake jifa da wannan suna ba su cancance shi ba, kodayake akwai 'yan kaɗan da yanayin tafiyarsu ya isa a zarge su.

Me ya sa wannan suna yake da zafi haka a wurin masu wasan besbol?

Saboda besbol wasa ne da aka gina a kan jure wa faɗuwa. Mai bugu yana tsayawa da sandarsa a gaban mai jifa, kuma wanda ake kira gwani a cikinsu shi ne wanda ya samu bugu mai kyau sau 3 kacal cikin tsayuwa 10. A sauran 7 ɗin benci yake komawa hannu rabbana. Yaron da ya tashi cikin wannan wasa, darasin farko da ake cusa masa shi ne kada ya sunkuyar da kai idan ya faɗi, domin gobe ma akwai wasa. To idan aka ce wa irin wannan yaro ya karaya ya gudu, an ce masa ke nan ba shi da halin da wasan ya fi buƙata.

Zafin kuma bai tsaya a zuciya ba. Kociyoyi sun san juna, suna kiran juna a waya, su kuma wakilan ƙungiyoyin ƙwararru da ke zagaya jami'o'i neman gwanaye ba ƙarfin jifa kaɗai suke aunawa ba, suna tambayar halin yaro a wurin waɗanda suka horar da shi. Kalma ɗaya daga bakin tsohon koci tana iya bin saurayi ɗan shekara 19 har ta rufe masa ƙofar da bai ma san ta buɗe ba.

Wanda bai samu shiga fili ba, me zai hana ya yi haƙuri ya jira lokacinsa?

Abin da zai hana shi shi ne ƙarancin lokacin. A ƙa'idar da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta daɗe tana bi a rukuninta na ɗaya, wato matakin ƙoli na wasannin jami'o'i, ɗalibi yana da kaka 4 ta wasa, kuma dole ya cinye su cikin shekara 5 daga lokacin da ya fara karatun jami'a gadan-gadan. Kakar kanta gajeriya ce: tana farawa a tsakiyar Fabrairu, wasanninta ba su wuce 56 kafin gasar ƙasa, a watan Yuni kuma komai ya ƙare a birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake buga zagayen ƙarshe tun 1950. Mutum 9 ne suke tsaron fili, alhali ƙungiya tana ɗauke da 'yan wasa sama da 30, kuma wanda aka fitar daga wasa ba ya sake shiga a ranar, saboda haka koci ba ya yawan canji don faranta wa na benci rai. Wasu gurabun ma mutum ɗaya suke ɗauka, kamar gurbin mai cafe ƙwallo wanda ke tsugune a bayan mai bugu. Idan yaro ya zo ya tarar da wanda ya fi shi a wannan gurbi, kuma ajinsu ɗaya, to jiran nasa ba shi da ranar ƙarewa, domin tare suka zo kuma tare za su gama.

Sai kuma maganar gaba. Ƙungiyoyin babbar gasar ƙwararru ta MLB suna zaɓen sababbin 'yan wasa sau ɗaya a shekara, kuma ɗalibin jami'a mai karatun shekara 4 ba ya shiga zaɓen sai ya kammala shekararsa ta uku ko ya cika shekara 21. A da zaɓen zagaye 40 ne. A 2020 aka yanke shi zuwa 5 saboda annobar korona, daga 2021 kuma ya tsaya a 20. A shekarar ne kuma aka rage ƙananan ƙungiyoyin da ke raino wa manya 'yan wasa zuwa 120. Ƙofar ta ƙara matsewa ke nan, kuma babu mai zaɓar wanda bai ga wasansa ba.

Masu bin ƙwallon ƙafa ta Turai sun san yadda babbar ƙungiya take bayar da matashin ɗan wasanta aro ga ƙaramar ƙungiya domin ya samu buga wasa, ya dawo ya ƙara gogewa, kuma ba wanda ke ganin laifinsa. A jami'o'in Amurka babu aro. Akwai gasannin hutun ƙarshen shekarar karatu, irin ta Cape Cod inda ake amfani da sandar katako, amma na 'yan makonni ne. Ɗalibin da yake buƙatar fili na kaka guda cur ba shi da hanyar samunsa sai ya kwashe littattafansa ya koma wata makaranta.

Doka ta yarda da wannan sauyi, ko dai kafa ce ake bi?

Ta yarda, amma ta sha juyawa kafin ta kai inda take yau. Kafin 2008, ɗan besbol yana iya sauya makaranta sau ɗaya ya ci gaba da wasa nan take idan makarantarsa ta sake shi. A 2008 aka janye wannan dama saboda damuwa kan yadda karatun 'yan besbol yake tangal-tangal, sai wasan ya shiga sahun ƙwallon ƙafar Amurka da ƙwallon kwando na maza da na mata da hokin ƙanƙara na maza, inda duk wanda ya sauya sai ya zauna shekara guda ba ya wasa. Ƙari a kan haka, babu kocin wata makaranta da zai iya magana da ɗalibi sai da izinin makarantarsa, kuma kocin da ake bari yana iya hana shi zuwa makarantun da ya ga dama.

A Oktoban 2018 aka buɗe rajistar sauyi ta intanet, inda ɗalibi yake sanar da makarantarsa kawai maimakon neman izininta. A Afrilun 2021 aka soke zaman shekara guda ga mai sauyi na farko. A Disamban 2023 wasu jihohi, Ohio na kan gaba, suka kai hukumar ƙara, wani alƙalin kotun tarayya a jihar West Virginia ya dakatar da dokar da ke taƙaita sauyi na biyu, sai a Afrilun 2024 hukumar ta amince ɗalibi ya sauya ko sau nawa ne muddin karatunsa yana kan hanya.

Halaccin abu a doka bai isa ya wanke shi a wurin mutunci ba, wannan gaskiya ne. Amma tarihin yana gyara wata magana da ake yawan ji, cewa 'yan wasan da ba sa gudu, na yanzu ne suka lalace. Waɗanda suka yi wasa kafin 2008 suna da hanyar sauyi kuma sun bi ta, waɗanda suka yi tsakanin 2008 da 2021 kuwa da yawansu doka ce ta ɗaure su. Zaman da aka yi saboda ƙofa a kulle take bai kamata a lissafa shi duka cikin riƙon amana ba.

Ai makaranta ta ba shi tallafin karatu. Tafiyarsa ba butulci ba ce?

Wannan tambaya tana ɗauka cewa ɗan besbol kamar ɗan ƙwallon ƙafar Amurka yake, wanda manyan makarantu suka shafe shekaru suna ware wa irinsa gurabun cikakken tallafi 85. Lamarin besbol daban ne ƙwarai. Shekara da shekaru, iyakar abin da aka yarda ƙungiyar besbol ta rukuni na ɗaya ta raba shi ne kwatankwacin cikakken tallafi 11.7, a rarraba shi ga 'yan wasa har 27 cikin ƙungiya mai mutum 35, kuma mafi ƙarancin rabon mutum shi ne kashi 25 cikin 100. Sauran 'yan wasan ba su da ko sisi a wannan tallafi, kuma makarantu da dama ba sa iya cika ma 11.7 ɗin. Ma'anar wannan ita ce, mafi yawan waɗannan samari iyayensu ne suke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin makaranta, wasu ta hanyar bashi. Uban da yake biyan kashi 75 cikin 100 domin ɗansa ya zauna a benci, idan ya ce a nemi makaranta mai rahusa kusa da gida inda yaron zai shiga fili, ban ga ta inda butulci ya shigo ba.

Tallafin kuma a makarantu da yawa shekara-shekara ake sabunta shi. Manyan rukunan jami'o'i sun kafa doka a 2015 da ta hana yanke wa ɗalibi tallafi saboda wasansa ya ja baya, amma wannan kariya ba ta shafi kowace makaranta ba, kuma ba ta tilasta wa koci ya sa shi a fili. A Yunin 2025 wata alƙaliyar tarayya mai suna Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wanda ya ɗage iyakar 11.7 ga makarantun da suka shiga tsarin, ya maye gurbinta da iyakar 'yan wasa 34. Makarantu masu kuɗi yanzu suna iya bai wa kowa cikakken tallafi, marasa kuɗi kuwa suna nan inda suke.

Duk wanda sunansa ya fito a rajistar, da son ransa ya tafi?

A'a, kuma wannan shi ne ɓangaren da mai kallo daga nesa ba ya gani. A ƙarshen kowace kaka koci yana ganawa da 'yan wasansa ɗaya bayan ɗaya a ofis. Yaro ya shiga riƙe da hularsa, ya zauna, ganawar ba ta cika wuce 'yan mintoci ba. Koci zai yaba ladabinsa da yadda yake riga kowa zuwa atisaye, sannan ya gaya masa cewa an ɗauko mutum biyu a gurbinsa, cewa bai ga inda zai samu shiga fili baɗi ba, kuma idan yana so zai yi masa waya zuwa wasu makarantu. Ba a furta kalmar kora ba, amma duk wanda ya zauna a kujerar nan ya san me aka ce masa. Bayan kwana biyu ko uku sunansa ya bayyana a rajista, sai wani mai goyon baya da bai san abin da ya gudana a ofishin ba ya rubuta cewa yaran yanzu ba su da juriya. Yaron kuma ba zai iya fitowa ya kare kansa ba, domin yana buƙatar wayar da kocin ya yi alkawari.

Akwai kuma makarantun da suke tara 'yan wasa fiye da gurabunsu a zangon farko na shekara, su gwada su, sannan su sallami ragowar kafin kaka ta fara. Rage ƙungiya zuwa mutum 34, bayan an saba da 40 tun bayan korona, ya ƙara yawan waɗanda aka nuna wa hanya. Wasu kuma ƙasar ce ta tsage a ƙarƙashinsu: a 2020 jami'ar Furman da jami'ar Boise State suka soke wasan besbol gaba ɗaya, a ranar 31 ga Mayun 2024 kuma kwalejin Birmingham-Southern ta jihar Alabama ta rufe ƙofofinta har abada alhali ƙungiyarta tana cikin gasar ƙasa ta rukuni na uku. Rajistar ba ta bambanta wanda ya tafi da wanda aka tura, suna kawai take nunawa.

Kociyoyi fa, su ba sa sauya sheƙa?

Suna yi, kuma ba a taɓa sa su zaman shekara guda ba. A daren 24 ga Yunin 2024, ƙungiyar jami'ar Texas A&M ta sha kashi a hannun Tennessee da ci 6 da 5 a wasan ƙarshe a Omaha. A taron manema labarai bayan wasan aka tambayi kocinta, Jim Schlossnagle, game da raɗe-raɗin cewa zai koma jami'ar Texas, babbar kishiyar makarantarsa. Ya fusata da tambayar, ya nuna cewa ya karɓi aikin A&M ne da niyyar kada ya sake karɓar wani. Washegari aka sanar da komawarsa Texas, daga baya kuma ya nemi afuwar ɗan jaridar. 'Yan wasansa da dama suka shiga rajista, wasu suka janye bayan an naɗa ɗaya daga cikin tsofaffin mataimakansa. Shi ma Jay Johnson ya kai jami'ar Arizona Omaha a 2021, bai daɗe da dawowa ba ya karɓi aikin jami'ar jihar Louisiana, wato LSU.

Ban kawo waɗannan misalai don in kira su ragwaye ba. Mutum ne da sana'arsa da iyalinsa, an yi masa tayin da ya fi, ya karɓa, kuma mutane suna kiran wannan ci gaba. Abin da nake cewa shi ne a auna kowa da mudu ɗaya. Yaro ɗan shekara 17 yakan zaɓi makaranta ne saboda kocin da ya zo falon gidansu ya zauna da iyayensa ya yi musu alkawari. Idan kocin ya tafi, sabon da ya zo bai san shi ba, bai neme shi ba, kuma yakan zo da nasa mutanen. Ga kocin da ya sauya aiki sau uku sannan yake kukan cewa 'yan wasa ba su da amana, Hausawa sun riga sun faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To wanda yake wasa kullum, ana ji da shi, amma ya tafi babbar makaranta fa?

Nan ne tambayar ta fi nauyi, domin wannan ba benci ne ya kore shi ba. Paul Skenes ya yi kaka biyu, 2021 da 2022, a makarantar horar da hafsoshin sojan sama da ke jihar Colorado, yana jifa kuma yana cafe ƙwallo, kuma shi ne tauraronsu. A wannan makaranta, ɗalibin da ya shiga shekara ta uku ya ɗaure kansa da aikin soja, wanda ga mai kammalawa shekara 5 ne aƙalla. Wanda ya fita kafin nan kuwa ba a binsa komai. Skenes ya fita a daidai wannan gaɓa ya koma LSU. A 2022 ɗin ne kuma Tommy White ya bar jami'ar NC State ta jihar North Carolina, bayan ya fitar da ƙwallo bayan katanga, wato bugun da ke ba da ci nan take, sau 27 a shekararsa ta farko, shi ma ya nufi LSU.

A ranar 22 ga Yunin 2023 a Omaha, LSU ta kara da jami'ar Wake Forest a wasan da duk wanda ya faɗi zai koma gida. Skenes ya yi jifa zagaye 8, cikin 9 da aka saba yi a wasa, ba a ci shi ko ɗaya ba, wasan ya zarce babu ci har zagaye na 11, inda White ya daki ƙwallon ta haye katanga, aka tashi 2 da 0. LSU ta doke Florida ta ɗauki kofin, ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta zaɓi Skenes a matsayin mutum na farko a zaɓen 2023, kuma a 2024 ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na ɓangarensa a MLB. Haka Chase Burns, wanda aka mayar da shi mai jifan ƙarashe a Tennessee alhali yana son ya zama mai fara wasa, ya koma Wake Forest, a 2024 Cincinnati Reds ta zaɓe shi na biyu a duk ƙasar.

Duk sunan da za a kira irin su Skenes da White, rago bai dace ba, domin gasar jami'o'in kudu maso gabas da LSU take ciki tana cikin mafi tsanani a ƙasar. Wanda ya je can, wahalar ya bi, bai guje ta ba. Amma ƙorafin makarantun da ake bari gaskiya ne kuma yana da ciwo. Kocin ƙaramar makaranta yana gano yaron da manya suka raina, ya shekara biyu yana gyara masa tsayuwa da riƙon sanda, ranar da yaron ya nuna sai wani ya zo ya girbe. Tun 1 ga Yulin 2021 da aka halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu da hotonsu, masu hannu da shuni suka ƙara samun abin jan hankali. Wannan rashin daidaito ne a tsarin, kuma manya ne suka tsara shi. Ɗora wa yaro ɗan shekara 20 alhakin gyara shi da sadaukar da makomarsa, alhali babu babba ɗaya a cikin harkar da yake yin irin wannan sadaukarwa, bai yi mini kama da adalci ba.

Ke nan babu wani amfani a zama a jure?

Akwai, kuma mai yawa. Zaman benci a shekarar farko abu ne da aka saba, domin yaro ɗan shekara 18 yana gogayya ne da masu shekara 22 da suka riga shi cika jiki da sanin wasa. Da yawan waɗanda suka yi fice a shekara ta uku sun shafe ta farko suna ɗaukar jakunkuna da rubuta alƙaluman wasa. Wanda ya tashi tun bayan kaka ɗaya saboda an hana shi abin da yake ganin haƙƙinsa ne, sau da yawa yakan tafi da matsalarsa a jaka: idan ba ya iya dukan ƙwallo mai lanƙwasa a nan, sabuwar riga ba za ta koya masa ba. Akwai kuma abin da ake samu a zaman shekara 4 wuri ɗaya wanda ba ya cikin alƙaluma, wato abokan da aka ci wuya tare, da malaman da suka san mutum, da tsofaffin ɗaliban da za su tuna da shi ranar neman aiki.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma sai in akwai wuta a ƙarƙashin tukunyar. Tambayoyin da ya kamata yaro ya yi wa kansa su ne: koci ya faɗa masa takamaiman abin da zai gyara, ko yabo kawai yake ji? Wanda ke gabansa zai gama bana, ko tare za su tsufa? Ana gwada shi a atisaye, ko an daina kallonsa? Idan amsoshin sun nuna hanya a buɗe take, zama ya fi. Idan sun nuna a rufe take, zaman ba zai haifar da komai ba sai ƙarewar kakannin da ba sa dawowa.

Yaushe ne zargin yake zama daidai?

Idan aka duba yadda aka tafi, maimakon tafiyar kanta. Wanda ya ajiye riga a tsakiyar kaka don an sauke shi daga jerin masu fara wasa, ya bar 'yan'uwansa da giɓi a lokacin da ba za a iya cike shi ba, ya yi abin da kalmar take nufi. Haka wanda ya ƙulla magana da wata makaranta a asirce tun ƙungiyarsa tana cikin gasa, abin da doka ma ta hana, sannan ya riƙa tattala jikinsa a fili don kada ya ji rauni kafin tafiya. Haka wanda kocinsa da abokin ɗakinsa suka fara jin labarin tafiyarsa a shafin sada zumunta. Wanda kuma ya sauya makaranta sau uku cikin shekara uku, kuma kowane karo laifin koci ne, ya kamata wani babba da yake jin maganarsa ya zaunar da shi. Ko a waɗannan ma, na fi son a kira laifin da sunansa, a ce ya saɓa alkawari ko ya yi rashin ladabi, domin wannan aiki ne da ake iya tuba a gyara, alhali rago suna ne da ake liƙa wa mutum gaba ɗayansa.

Sauran ɗalibai da ba 'yan wasa ba, ana yi musu irin wannan kallo?

Ba a yi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban Amurka suna sauya makaranta kafin su gama, kuma ba wanda ke tuhumar halinsu. Barack Obama ya bar kwalejin Occidental ya koma jami'ar Columbia a 1981. A besbol ma akwai tsohuwar hanya mai daraja ta farawa a kwalejin shekara biyu sannan a wuce jami'a, wadda Jackie Robinson ya bi daga kwalejin Pasadena zuwa jami'ar UCLA da ke Los Angeles a 1939, shekara 8 kafin ya karya shingen launin fata a babbar gasar MLB.

Wace kasada ce ke cikin shiga rajistar?

Babba ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba hanyar masu son sauƙi ba ce. Da zarar suna ya shiga, makaranta tana da damar yanke tallafinsa a ƙarshen zangon karatu, koci kuma ba dole ba ne ya karɓe shi idan ya sake shawara. Babu tabbacin wani zai kira. Wasu suna samun gurbi a rukuni na ƙasa, wasu kuma wayarsu ba ta ƙara ba har makarantu su koma, wasansu ya ƙare a nan. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, kuma ba kowa ke samun mai miƙo igiya ba.

Karatun ma yana iya taɓuwa. Wani rahoto na ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na darussan da suka riga suka ci, saboda sabuwar makaranta ba ta lissafa su ba. Tun da mafi yawan 'yan besbol na jami'a ba za su taɓa cin abinci da wasan ba, jinkirin digiri na shekara guda, da kuɗin da zai ci, asara ce da ta fi zaman benci daɗewa a jiki.

Idan ɗan wasa ya yanke shawarar tafiya, ta yaya ya kamata ya tafi?

Ya gama kakar tukuna, da dukkan ƙarfinsa, har wasan ƙarshe. Sannan ya nemi ganin kocinsa ido da ido kafin ya je ofishin da ke kula da bin dokokin wasanni, domin da zarar ya miƙa sanarwa a rubuce, makaranta tana da kwana 2 na aiki ta shigar da sunansa, daga nan kuma kowane koci a ƙasar zai gani. Ya faɗi dalilinsa a fili ba tare da zagi ba, ya yi godiya a kan abin da ya koya, ya sanar da abokan wasansa da bakinsa, musamman idan mai jifa ne ya fara da mai cafe masa ƙwallo, wanda ya shekara biyu yana tsugune yana tare masa jifa da ƙirji. Ya kiyaye ranakun, domin lokacin da aka keɓe wa 'yan besbol na shiga rajista bayan kaka 'yan makonni ne kawai. Kafin ya sa hannu a ko'ina kuma, shi da iyayensa su nemi sabuwar makaranta ta ba su a rubuce adadin darussansa da za ta lissafa, da kason tallafin da za ta biya, da ko na shekara nawa ne, sannan su tambayi kocin mutum nawa ne ya riga ya yi wa alkawarin gurbin da yake yi wa ɗansu tayi.